Marin da ke ƙasan kabad

Talata, bayan sallar isha'i.

Da fara'ata na shiga ɗakin maza na asibitin masu taɓin hankali da nake aikin jinya yau da safe, domin rahoton da masu aikin dare suka miƙa mini gajere ne. Kowa ya yi barci, babu wanda ya ƙi magani, kuma dattijon gado na biyu, wanda ya shafe mako uku bai ce da kowa uffan ba, ya tambaya ko akwai sauran koko. Wanda bai taɓa jinyar mai ciwon damuwa mai tsanani ba, da wuya ya gane abin da ya sa neman koko ya zama abin murna. Ko Matiron, shugabar ma'aikatan jinya, da ta zo zagaye sai da ta aika aka ƙaro masa ƙosai da kuɗin aljihunta.

Abin murna na biyu shi ne sallamar yaron gado na shida. Masu bibiyar wannan kundi za su tuna ranar da aka kawo shi, mako bakwai da suka wuce, da mari a ƙafafunsa biyu da kwaɗo, idon sawunsa na dama ya zama gyambo har yana wari. Ni na karɓi makullin daga hannun mahaifinsa na buɗe, ni kuma na riƙa wanke ciwon kullum da safe har ya haɗe. A makon farko sai na sa ya buɗe baki ya ɗaga harshe bayan kowace ƙwaya, saboda yana ɓoye ta a kumatu ya tofar a bayan gida. A mako na biyu maganin da ake ba shi, Haldol, ya sanƙarar masa da wuya, miyau yana dalala, hannunsa yana rawa, mahaifiyarsa ta fashe da kuka tana cewa aljanun ne suka dawo, sai da likita ya rage maganin ya haɗa masa da Artane, mai rage wannan sanƙarewa, sannan hankalinta ya kwanta. Yau kuwa shi ya gyara gadonsa da kansa, ya yi aski, har yana tsokanar mai shara da cewa tsintsiyarsa ta girme shi.

Na zaunar da mahaifin a ofis na yi masa bayanin da muke yi wa kowa kafin sallama. Na ce kada a daina magani don an ga sauƙi, domin sauƙin daga maganin yake. Na rubuta masa ranar allurar wata-wata a bayan kati da manyan baƙaƙe. Na faɗa masa cewa ciwon ba ya dawowa ba sallama: barci ne yake fara ƙauracewa kwana biyu ko uku, sai a ga ya daina wanka, yana magana shi kaɗai, yana zargin an sa masa wani abu a abinci. Idan aka ga haka a kawo shi a ranar, kada a jira sai ya fasa wani abu. Na ƙara da cewa idan ya fusata kada a taru a kansa, mutum ɗaya ya yi magana da shi a hankali, kada a yi masa gardama a kan muryoyin da yake ji, kuma kada a tare masa ƙofa. Addu'a da ruƙiyya ban hana ba, ban ma taɓa hana kowa ba, iyaka na roƙe shi kada wani malami ya ce a ajiye ƙwaya.

Tsohon ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya ninke katin ya sa a aljihun gaba, ya yi godiya, ya sa mini albarka. Ya miƙe har ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya ce, "Sista, ina marin nan da muka zo da shi? A taimaka a ba ni abina."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Baba, wane mari kuma? Yaron da ya warke, ga shi can yana jiranka da jakarsa a hannu."

Ya dawo ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "'Yata, ba faɗa na zo yi ba, kun yi mana abin da har mu mutu ba za mu iya biya ba. Amma ke a nan kina da maigadi, kina da allura, kuma ranar da muka zo da idona na ga ƙarti huɗu sun riƙe shi kafin ki soka masa. Ni a gida daga ni sai uwarsa da ƙannensa mata uku. Daren da ya tashi, sai bayan kwana biyu aka tsinto shi a bakin titi, mota ta kusa bi ta kansa. Daga garinmu zuwa nan mota biyu ake shiga, kuma direba ba ya ɗaukar mai ihu. Kin ce in kawo shi a ranar. To, da me zan riƙe shi kafin gari ya waye?"

Ina da amsoshi, kuma duk na ba shi. Na ce masa tun watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta haramta ɗaure mai wannan lalura da sarƙa. Na tuna masa da gidan marin da 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, yara da manya, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Na nuna masa cewa gyambon da na yi wata guda ina wankewa ba ciwon ne ya jawo shi ba, ƙarfen ne. Ya amince da kowace magana, sannan cikin ladabi ya ce, "Gaskiya ne, 'yata. Amma ita dokar, za ta zo ta kwana a zaurena?"

A nan bakina ya mutu, kuma abin da ya kashe shi ba dokar ba ce, ƙartin nan huɗu ne da ya ambata. Mu ma muna ɗaurewa. Muna yi da igiyar ƙyalle mai laushi, da umarnin likita a rubuce, muna duba hannu da ƙafa da numfashi duk bayan minti 15, muna kwancewa da zarar ya lafa, muna kuma rubuta komai a fayil. Har gobe ina kan bakana cewa awa ɗaya a ƙarƙashin idon ma'aikaciyar jinya ba ɗaya take da wata huɗu a turke ba. Amma tsoron da ke sa ni kiran ƙarti shi ne dai tsoron da ya kai tsohon nan wurin maƙeri, illa dai ni an ba ni kayan aiki da abokan aiki, shi kuwa an bar shi da ƙarfe. Shekara goma sha ɗaya ina hararar iyayen da ke shigo mana da 'ya'yansu a ɗaure, ban taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu yadda daren da ya gabaci ɗaurin ya kasance ba.

A makarantar koyon jinyar masu taɓin hankali an karantar da mu aikin Farfesa Lambo a Aro ta Abeokuta, wanda tun 1954 ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, ma'aikatan jinya suna bin su har can. Mun haddace shi don jarrabawa kawai. Ga shi yau manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Arewa ana ƙirga su da yatsu, Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau, jinyarmu kuma tana ƙarewa a bakin get. Da akwai wadda za ta kai wa yaron nan allurarsa a ƙaramin asibitin garinsu, da ban tsaya ina karanta wa mahaifinsa doka ba.

Na kai maganar wurin Matiron. Ta ce kayansa ne, ba mu da hurumin ƙwacewa, kuma idan na hana shi wannan, maƙeri bai mutu ba. Na durƙusa na jawo marin daga ƙasan kabad, inda yake tare da wasu guda uku da masu su ba su waiwaye su ba, na naɗe shi a baƙar leda don kada yaron ya gani. Ina zaton ya gani, ko kuma ya ji ƙarar ƙarfen, domin tsokanar da yake yi ta tsaya, kuma da zai fita bai ɗaga kai ya dube ni ba. Na rubuta lambar wayar ɗakinmu a kan katin, na ce wa tsohon ya kira ko ƙarfe biyun dare ne kafin ya buɗe ledar. Ya ce in Allah ya yarda.

Sauran aikin ranar ya wuce ban san yadda ya wuce ba. An kwantar da sabon majinyaci a gadon na shida kafin azahar.

Da na dawo gida zan jiƙa farar rigata, sai na ji wani abu a aljihu. Makullin kwaɗon ne, na ciro shi daga durowa da niyyar haɗawa da marin, ban haɗa ba. Na daɗe a tsaye a bakin famfo ina tambayar kaina ko mantuwa ce ko da gangan na yi. Maigida ya ce in daina wahalar da kaina, kwaɗo ko a teburin mai sayar da ashana ana samunsa. Na ajiye makullin a cikin jakar aikina. Allurarsa ta gaba ranar Talata ce, mako huɗu daga yau, kuma na duba jadawali na ga aikin dare aka sa ni a ranar, don haka gobe zan roƙi Matiron ta mayar da ni na safe.