Da ƙafata na auna wa Baba nisan asibiti

Ranar da na kama wa Baba gida a birni, sai da na yi ta yabon kaina. Na buɗe taswirar waya na nuna wa ƙanwata: ga gida, ga babban asibiti, kilomita 2 kacal. Minti biyar a mota idan babu cunkoso. Na ce mata maganar nisa ta ƙare. Abin da ban lura ba shi ne da ƙafar ɗan shekara 38 na yi awon, alhali mai tafiyar shekararsa 74, ga gwiwa da ba ta lanƙwasuwa sai ya ciji leɓe.

Gidan a hawa na uku yake, babu lif. Na zaɓe shi ne don iska da shiru. Matakalarsa 48, kuma ban san adadin ba sai ranar da na sauko da shi goye a bayana.

Ƙannena, kuskuren da ya fi cina shi ne na ɗauka tura kuɗi ya isa. Duk ranar ganin likita sai in tura kuɗin mota da na magani, da yamma in kira. “Baba, an je asibitin?” Sai ya ce, “An je, ɗana, jiki da sauƙi, ka yi aikinka.” Ni kuma da ma abin da nake son ji ke nan. Tsoho ba ya son ya zame wa ɗansa kaya, zai gwammace ya ɓoye. Daga baya na duba katinsa na tarar ranakun ganin likita uku a jere bai je ba, maganin hawan jininsa ya ƙare wajen wata biyu. Hawan jini kuwa galibi ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi, mutum na yawo da shi yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Wata safiya kofi ya suɓuce masa daga hannun dama. Bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa ta yi nauyi kamar mai magagin barci. Na ce gajiya ce, ya kwanta ya huta, na tafi aiki. Sai da rana ta faɗi muka kai shi. Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai bayyana mini cewa shanyewar ɓarin jiki ce, kuma idan gudan jini ne ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, akwai allurar da ke narkar da shi, amma ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga fara alamun, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba jijiya ce ta fashe ba. Mun zo bayan awa 11. Idan kuka ga fuska ta karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya yi nauyi, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku nufi sashen gaggawa. Tun yau ma ku bincika wane asibiti ne ke da na'urar hoton kai dare da rana, domin mu wanda muka fara zuwa tura mu ya yi wani.

Bayan wata biyar, da ya fara takawa da sanda, na raka shi asibiti wurin gashin jiki, a ƙafa da bas, yadda ya saba zuwa shi kaɗai. A ranar na ga hanyar da na kira minti biyar. Sau biyu ya tsaya a matakala yana maida numfashi. A babban titi, fitilar masu tsallakawa ta sauya muna tsakiya, motoci na ta danna mana ham. Masu tsara tituna a wurare da yawa suna lissafin lokacin ne da tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa, tsofaffi da dama kuwa ba sa kai haka. Akwai gadar sama, amma ita ma matakala ce. Bas ya zo, takinsa na farko ya kusa kai wa Baba gwiwa, direba bai jira ya zauna ba ya ja. A asibiti kuma layin kati daban, na awon jini daban, likita a bene, ɗakin gwaji a wani gini, ɗakin magani a can ƙarshe. Ya ƙi shan ruwa tun safe don banɗaki na da nisa kuma fitsari ba ya yi masa jira. Muka dawo gida bayan awa shida, washegari bai iya tashi ba. Ban sake tambayarsa dalilin tsallake ranakun nan uku ba.

A layin nan na lura furfura ta fi baƙin gashi yawa, da yawansu kuma babu ɗan rakiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, har sun zarce yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen kashi 68 cikin 100 na mutanen duniya a birane za su kasance a lokacin. Wanda aka haifa a 1990 shi ne zai cika 60 a 2050, wato da yawanku masu karanta wannan. A 2007 hukumar lafiyar ta fitar da jagora kan birnin da ya dace da tsofaffi bayan sauraronsu a birane 33, kuma abubuwan da suka nema ba su wuce irin na Baba ba: benci a hanya, banɗaki, isasshen lokacin tsallaka titi, motar da za a iya hawa.

Kafin ku biya kuɗin hayar gidan da tsoho zai zauna, ku taka hanyar tare da shi, da saurinsa, ba tare da motarku ba. Ku nemi ɗakin ƙasa. Ƙaramin asibitin unguwa da zai auna jini ya sabunta magani ya fi masa amfani a yawancin watanni fiye da babban da sai an tsallaka titi shida. Ku sayi na'urar awon hawan jini ku ajiye a gida, ku riƙa rubuta sakamakon. Ranar ganin likita ku zuba duk magungunansa a jaka ɗaya ku tafi da su, har waɗanda ya saya da kansa, kuma ku shiga ɗakin tare da shi idan ya yarda. Baba kunnensa na hagu ya yi nauyi, ya sha gyaɗa wa likita kai bai ji rabin bayanin ba.

Yanzu a ɗakin ƙasa yake, taku 300 daga wani ƙaramin asibiti, da benci a rabin hanya. Hannun daman bai dawo ba, da hagu yake riƙe kofi. Katinsa a aljihuna yake, ranar Talata mai zuwa ƙarfe 8 muke da likita.