Yadda aka ƙona mini jijiyoyin ƙoda saboda hawan jini

Shekara 11 ke nan ina fama da ciwon suga, hawan jini kuma ya biyo baya. A da, ƙwaya huɗu nake sha kullum, har da mai sa fitsari, amma duk ranar da na je asibiti a Birnin Kebbi awo ba ya sauka daga 170 bisa 100. Shanyewar ɓarin jiki ce ajalin mahaifinmu, shi ya sa abin ya hana ni barci.

Babban ɗana ne ya kawo mini labarin aikin. Akwai jijiyoyin saƙo da suka nannaɗe hanyar jinin da ke shiga ƙoda, su ke zuga ta ta riƙe gishiri da ruwa. In aka dakushe su, jini kan sauka. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urori biyu na wannan aiki a Nuwamban 2023. Na sayar da gonata ta shinkafa a Argungu, muka nufi Indiya.

Likitan bai yi garaje ba. Ya ɗaura mini na'urar awo ta awa 24, ya auna ƙarfin ƙodata, sannan ya ce in zazzage jakata a gabansa. Sai ga diclofenac, wanda nake saye a kemis saboda ciwon gwiwa, kusan kullum. Ban taɓa faɗa wa likitana na gida ba, don ko cikin magani ban lissafa shi ba. Ya ce yana tayar da jini, yana kuma cin ƙodar mai suga. Wallahi na ji kunya. Mako uku na yi ba shi, awo ya ɗan sauka amma bai kai inda ake so ba, sannan aka sa rana.

Ta matsematsi aka zura siririn bututu har ƙoda biyun, ana ƙona jijiyoyin da zafi. Kamar awa ɗaya. An dakatar mini da metformin, maganin sugana, kwana biyu saboda ruwan hoton da ake zubawa a jini. Washegari aka sallame ni.

Na tafi da fatan in rabu da ƙwaya. Ban rabu ba, uku nake sha yanzu, suga kuma tana nan inda take. Amma bayan wata shida awo na tsayawa wajen 146 bisa 88, Hajiya kuma ta rage gishiri da magi a miya.

Jiya ƙanena ya zo, shi ma hawan jininsa ya ƙi jin magani. "Yaya, ko in sayar da filina in je?" Na ce ya fara kawo mini ledar magungunansa, gobe mu kai wa likita tare.