Kiɗan da babu jita, da shanun da na sayar a kansa

Ɗan ƙanwata ne ya same ni a rumfar ƙofar gida bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zaro waya ya ce, "Kawu, saurari wannan." Kafin minti guda ya cika na gane abin da nake ji: ogan, wato wani irin fiyano, tana gurnani, ganguna na bin ta da lissafin da ba a taka masa rawa, saksafon, abin busan Turawa, na kutsowa ta tsakiya, babu jita ko ɗaya. Ya ce a intanet ya tsinto, kuma irinsa zai yi da Hausa. Har ya gama tsara komai. Zai kai riɗinsa na bana kasuwar Gujungu, ya haɗa da bijimin da uwarsa ta kiwata masa, ya shiga Kano ya sayo kwamfuta da ƙaramin fiyanon da ake jona mata, ya kafa sola a ɗakinsa. Na tambaye shi da su wa zai yi kiɗan. Ya ce, "Ai Kawu yanzu ba a buƙatar kowa, komai yana cikin kwamfuta."

Wannan amsar ce ta sa nake rubutun nan, domin na taɓa ba mahaifiyata irinta, kuma har yau ban gama biyan kuɗinta ba.

A ƙarshen shekarun 1980 ina makarantar horon malamai, muna da wani malami da ya yi karatu a Ingila, ya dawo da rikoda da kwali cike da kaset. Ni ke share masa ɗaki, to a nan na gamu da abin. Kowa ya san kiɗan Turawa na rok da jita aka san shi, ita ce a gaba tana ƙara. Amma a ƙarshen shekarun 1960 wasu samari a Ingila suka ga waƙar minti 3 ta yi musu kaɗan, suka shiga gina kiɗan da zai cinye fuskar faifai guda, minti 20 ko fiye, yana sauya tafiya, ya yi sanyi, ya harzuƙa, ya dawo. A cikinsu akwai waɗanda suka ajiye jitar gefe. 'Yan ƙungiyar The Nice sun rabu da mai jitarsu a 1968 suka ci gaba su uku, Keith Emerson na riƙe da ogan, kuma shi ne a 1970 ya kafa Emerson, Lake & Palmer ya ɗora na'urar kiɗa ta lantarki mai suna Moog a inda aka saba jin jita. Soft Machine ma sun yi shekaru da ogan da ganguna da kayan busa a gaba. Amma waɗanda suka tafi da hankalina su ne Van der Graaf Generator, da suka fara a Manchesta a 1967. A aikinsu na farkon shekarun 1970 jita baƙuwa ce, takan leƙo ta fita. Muryar Peter Hammill ce, da ogan, da saksafon, da ganguna.

Ban san ko zan iya bayyana wa matashin yau abin da wannan ya yi mini ba. Ni ɗan ƙauye ne daga ƙasar Ringim, ɗan malamin allo, ban taɓa taɓa kayan kiɗa ba. Na ji kiɗan da ba ya roƙon kowa, ba ya wasa kowa, ba don a yi liƙi aka yi shi ba. Na ce ashe ana iya yin kiɗa mutum yana riƙe da mutuncinsa.

Bayan rasuwar mahaifinmu aka raba gado, shanun huɗa biyu suka faɗo a rabona. Nawa ne, babu wanda zai ce na ci haƙƙin wani, kuma da wannan nake kare kaina har gobe. Amma da su ake yi wa gidan gaba ɗaya huɗa, wannan ma na sani. Na kora su Maigatari ranar Alhamis na sayar, na wuce Sabon Gari a Kano na sayo fiyano ƙirar Yamaha, da batirin mota, da rikoda biyu. Da na dawo Inna ta dubi kwalin ta ce, "To bana da me za a yi huɗa?" Na ce mata za a yi haya, kuma wannan abin shi kaɗai yana yin aikin mutum goma. Ba ta ƙara cewa komai ba. Daminar nan muka bi layin masu garma, kowa sai ya gama tasa gonar kafin ya zo tamu. Aka yi mana huɗa a makare, gero ya fito ba ƙarfi, kafin watan bakwai muna awo a kasuwa. Ƙanwata, uwar wannan yaron, ita ce ke ɗaukar kwano ta je.

Fiyanon kuwa ya nuna mini iyakarsa tun makon farko. Akwai maɓallan da kake dannawa ganguna su tashi da kansu, amma kusan dukansu a kan bugu huɗu suke tafiya, ko uku, ba sa karkacewa. Ni kuma abin da na ji a kaset bugu bakwai ne, ya koma biyar, ya tsaya cak, ya sake tashi. Dole na kashe maɓallin in buga gangunan da yatsu in ɗauka a rikoda ta farko, in kunna ta in ɗora ogan in ɗauka a ta biyu, in sake juyawa. Kowane juyi sai shuuu ɗin kaset ya ƙaru, kafin in ɗora na huɗu abin farko ya nutse. Batiri ya mutu in ɗaura shi a keke in kai caji cikin Ringim.

Duk da haka ba zan yarda a ce wauta ce zalla ba. Da irin wannan fiyanon aka gina waƙoƙin finafinan Kano a ƙarshen shekarun 1990, wasu suka yi gidaje da motoci. An neme ni in riƙa zuwa bukukuwa na ƙi, don ba abin da na sayar da shanu a kansa ke nan ba. Na yi abin da nake so: na haɗa kiɗa guda mai tsawo da har yau nake ganin akwai wurare biyu a cikinsa da suka yi kyau ƙwarai. Na kunna wa abokaina a majalisa, suka saurara don kunyata, ɗaya ya tambaye ni yaushe mai waƙar zai shigo. Abin ya yi mini ciwo. Ban ga laifinsu ba a yanzu, a lokacin kuwa na kira su jahilai a raina.

Babban kuskuren da na yi ba sayar da shanun ba ne. A unguwar mahauta ta garinmu akwai wani dattijo, Sarkin Kiɗa, mai kalangu. Wata rana ya ji sauti yana fitowa daga zaurenmu ya yi sallama ya zauna. Na kunna masa kaset ɗin Turawan nan don in nuna masa abin da bai sani ba. Ya sunkuyar da kai. Wurin da na yi watanni ina ƙirgawa da yatsu ina ɓata, shi a zagaye na biyu ya kama shi da tafin hannu a kan gwiwarsa, har yana ƙara wani ɗan bugu a tsakani. Da kaset ya ƙare ya ce, "Ɗan Malam, in kana so gobe in zo da kalangu, in taho da ƙanena mai algaita, mu ga abin da zai fito." Na ce, "Baba, ai wannan ba irin naku ba ne." Ya ce to, Allah ya taimaka, ya sa takalmansa ya fita. Bai sake shigowa ba.

Na gaya wa kaina wai ina tsoron kada abin ya koma roƙo. Gaskiyar ita ce girman kai. Ɗan malam, mai takardar koyarwa, a gan shi zaune da makaɗin mahauta? Fiyano na 'yan boko ne, kalangu na maroƙa, haka na raba su a raina. Ko da yake, in za a yi adalci, garin ma haka ya raba su, kuma da na zauna da shi da baffannina sun kira ni taro. Ban ƙirƙiro wannan rabon ba, na dai bi shi.

Sai daga baya na fahimci abin da ke cikin kaset ɗin. Da mai jitar bes, mai ba da sautin ƙasa, ya bar Van der Graaf Generator a 1970, mai ogan ɗinsu Hugh Banton da ƙafafunsa ya riƙa taka sautin ƙasa a jikin ogan, hannayensa na wani aikin. David Jackson yakan sa saksafon biyu a baki ya busa lokaci guda. Mutum huɗu ne a ɗaki ɗaya, kowa na sauraron ɗan'uwansa, suna maimaitawa har abin ya zauna. Gurbin da jita ta bari, jikin mutane ne ya cike shi. Ni kuma ga mai algaita da ke kumbura kumatu ya riƙe sauti ba yankewa yana shaƙar iska ta hanci, ga mai kalangu da ke matse tsarkiya a hammata ya lanƙwasa murya zuwa inda fiyano ba shi da maɓalli, sun kawo kansu har zaurena na sallame su. Ba ina cewa kiɗanmu rok ba ne, kowanne da hanyarsa. Amma Shata da kalangu ya yi zamaninsa har ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo da kotso, babu jita a bayan ko ɗayansu, kuma babu wanda ya ce wani abu ya ragu. Sarkin Kiɗa ya rasu, ƙanensa ya bi shi, 'ya'yansu suka koma acaɓa a Kano. Fiyanona ɓera ya cinye wayoyinsa.

Na zauna da niyyar jera muku, ku matasa, shawarwari da yawa, amma da na duba kaɗan ne suka rage. Kada ka sayar da dabba ko gona don sayen na'ura. Ko naka ne halak malak, akwai masu ci a jikinsa da ba za su buɗe baki su gaya maka ba. Wayar da ke hannunka ta fi rikodata biyu nesa ba kusa ba, fara da ita.

Kuma ka nemi mutane kafin ka nemi kaya. In ba ka samu mutum biyu da za su zauna da kai bayan isha'i kuna bugawa kuna ɓatawa ba, to ba ka da kiɗan, kwamfuta ba za ta haifa maka su ba. A nan ne kuke ba ni haushi, ku yaran yanzu. Kuna son kiɗan minti 20, amma ba ku iya sauraron abu na daƙiƙa 30 ba tare da kun ja yatsa kun wuce ba. Yaro bai iya riƙe bugu ɗaya ba ya riga ya zaɓi sunan da za a san shi da shi a TikTok, ya buga hoto da baƙin gilashi. Muryar ma na'ura ce ke miƙe muku ita. Mu mun yi kuskure, amma mun saurari kaset har ya tsinke mun ɗaure da salatif.

Wani lokacin ma ji nake in ce ku bar abin gaba ɗaya. Su kansu Van der Graaf Generator sun watse a 1972 saboda gajiya da rashin kuɗi, alhali a Turai suke, ga kamfanonin faifai, ga jama'a na cika musu zaure a Italiya. Sun dawo a 1975, suka sake watsewa a 1978. Kai wa zai biya ka a Taura ko Jahun? Ka yi nomanka, ka yi aure. Amma kuma na san waɗanda suka bari tun ba su fara ba, na ga yadda suke in an kunna abu mai kyau, sai su tashi su bar wurin. Ba na so ka zama haka. To kada ka bari. Ka riƙe noman da hannu biyu, kiɗan ya zama na dare da na rani.

Masu algaita da kakaki ba su ƙare ba tukuna. Suna nan a fadojin Hadeja da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse, kuma mafi yawansu sun manyanta. In an yi hawan salla ku daina bin dawakai da waya, ku bi bayan masu busa, ku ga inda suke sauka. Ka sayi goro ka je gidan mutum da safe, ka cire takalmi, ka gaishe shi a ƙasa, ka ce koyo ka zo. Kada ka fara da kunna masa abin da ke wayarka, kada ka yi masa bayanin Ingila. In ya ce ka share ƙofar gida ka share, in ya ce ka ɗauko masa jaka zuwa gidan biki ka ɗauko, ko da abokanka na makaranta suna tsaye suna kallo.