Yadda muka hana fotal korar ɗalibai in saba ta faɗi

Wata makaranta nan Birnin Kebbi muke kula wa da fotal ɗin rajista, sabobi biyu ne, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafin, masu aiki da harshen PHP, sai mai raba lodi a gabansu yana tura mutane wannan ko waccan. In ɗaya ta mutu ɗayar tana ɗaukar kowa, shafi kuma yana buɗewa lafiya lau, amma duk ɗalibin da ke kan wadda ta faɗi sai ya ga an maido shi wurin sa kalmar sirri, fom ɗin da ya kusa gamawa ya bi ruwa. Wani mai kafe har kirana ya yi, "Injiniya don Allah mi ke faruwa ne, yaro ya biya kuɗin awa ya cike komi sai abin ku ya kore shi."

Dalilin ba wani mai nisa ba ne. PHP in ba ka taɓa saitinsa ba, seshon ɗin mutum, wato bayanan da ke tuna cewa ya shiga da abin da yake yi, a fayil yake aje shi cikin diskin sabar da ya fara shiga, burauza kuma lamba kawai take riƙe da ita cikin kuki, ɗan bayanin da shafi ke aje mata. Ta kai lambar ga ɗaya sabar, ita ko ba ta taɓa ganinsa ba.

Da ip_hash na Nginx, manhajar da ke raba lodin, muka taras da tsarin, wato adireshin IP ɗinka shi ke zaɓa maka saba. To a nan kusan kowa da datar waya yake shiga, adireshi na canzawa kana tsakiyar aiki, ga shi mutane barkatai suna fitowa ta adireshi guda, shi kuma kashi uku na farkon adireshin kawai yake dubawa, sai ka ga saba ɗaya na nishi ɗayar na zaune. Amma abin da ya fi ba ni ciwon kai dawowar sabar ce. An ɗauke wuta, kafin janareta ya kama saba ta ɗaya ta mutu, ɗalibi ya koma ta biyu ya sake shiga ya sake cike fom, can ta ɗaya ta farfaɗo sai a kwaso shi a maido mata, sabuwar lambarsa kuma ba ta san ta ba. Faɗuwa ɗaya, kora biyu. In wutar na wasa kuwa sai dai haƙuri.

Mun koma HAProxy, wani mai raba lodin, shi yana iya manna wa mutum saba ta kuki, hakan ya kashe rigimar IP. Yana leƙa kowace saba duk daƙiƙa 2, in ta kasa amsawa sau 3 ya cire ta, in ta amsa sau 2 ya maido ta. Sau 2 ɗin nan ya yi mini kaɗan, na ɗaga shi, na kunna slowstart don kar a jibga wa sabar da ta tashi yanzu kaya gaba ɗaya. Duk da haka wanda sabarsa ta mutu seshon ɗinsa ya mutu tare da ita.

Sai da muka kwashe seshon daga sabobin dukka muka kai Redis, wata manhajar ajiyar bayanai, kan wata na'ura daban mai batir nata, muka canza session.save_handler, saitin PHP da ke faɗin inda za a aje seshon, kowace saba can take tambaya. Na gwada da kaina, ina tsakiyar fom abokin aikina ya zare waya daga bayan saba, na danna gaba ya wuce kamar ba a yi komi ba. Sai dai yanzu Redis ɗin shi ne wuyan kowa, in ya faɗi kowa ya faɗi, don haka muka kunna AOF, tsarinsa na aje kowane canji a fayil, yana rubutawa a diski duk daƙiƙa, muka yi masa mataimaki, da Sentinel guda 3, masu gadin da ke lura da shi, don su samu rinjaye in ya faɗi za su naɗa mataimakin sabon shugaba. Oga ya yi ƙorafin kuɗi sosai a nan.

Wa'adin seshon ma mun taɓa, na asali daƙiƙa 1440 ne, minti 24, alhali ɗalibi zai tashi sallah ko ya koma gida neman takardar haihuwa. Sai hotunan fasfo, su ma ashe a diskin saba guda suke sauka, ɗalibi ya ɗora hoto a ta ɗaya ya zo fitar da silif ta biyu ya ga gurbi wayam. Su ne muke kwashewa zuwa ma'ajiya guda yanzu kafin a buɗe rajistar zangon gaba.