Talata a shago, da wandon Sarki Henri

Wuta ta zo da wuri yau, kaftanin Alhaji ya fita kafin azahar. Raina fari tas.

Ana cikin cin shinkafa da wake sai Ɗan'auta ya miƙo min waya yana ƙunshe dariya, wai "Oga, duba ɗinkin sarauta." Hoton Henri na Takwas ne, sarkin Ingila, irin wanda Holbein ya zana a 1537. Ya ware ƙafafu, ya cika kafaɗa, sannan a tsakanin cinyoyinsa ga wani abu a kumbure ya leƙo ta tsagar riga, da ado a jikinsa. Kodfis suke ce masa.

Na ce, "Kai yaro, bar dariya, kalle shi da idon tela." A ƙarni na 15 wandon mazan Turai ba shi da hantsa. Kowace ƙafa daban ake ɗinka ta kamar doguwar safa, a ɗaure ta a jikin riga da igiya. Muddin riga ta sauko ƙasa, asiri a rufe yake. Da samari suka tsiro da yayin gajeriyar riga sai gaba ta zama a fili, har majalisar Ingila ta yi doka a 1463, zamanin Edward na Huɗu, cewa in ba manyan masu sarauta ba, dole rigar namiji ta rufe al'aurarsa da mazaunansa in ya miƙe tsaye. Teloli suka yanko ƙyalle mai kusurwa uku suka toshe wajen. Sutura ce aka nufa.

Malam na kemis yana bakin ƙofa, ya ce ai ciwo ne ya kumbura shi: tunjere ta ɓarke a Nafoli ta Italiya a 1495, maza na buƙatar wajen ɓoye bandeji da magani. Na ce wasu masana sun faɗi haka, amma Malam, mai ɓoye ciwo ba ya sa wa wajen zaren zinare. Zuwa shekarun 1540 an cusa masa tsumma ya miƙe, har sulken ƙarfen Henri na 1540 da ke Hasumiyar Landan yana da nasa.

Malam ya tafi, ni kuma abin ya tsaya min a rai. Henri ya hau gadon sarauta a 1509. Ya rabu da matarsa ta farko Katarina, ya sa an sare kan ta biyu, Anne Boleyn, a 1536, duk a kan neman magaji namiji, bai samu wanda ya rayu ba sai Oktoban 1537. Mutumin da tsoron rashin ɗa ya cinye, shi ne ya fi kowa nuna gabansa a bango. Matan kuma su suka biya.

Telan da ya fara cusa tsumman nake ta tunani. Mai kaya ya ce a ƙara kaɗan, ya ƙara, don yana da bakin da zai ciyar. Ni ma samari kan ce min, "Oga, a matse shi sosai," kuma ina matsewa. Yau dai hannuna ya yi nauyi a kan almakashi.

Kafin 1600 yayin ya mutu.

Ciwon bayan Inna da sauƙi. Gobe Kwari, shadda ta ƙare.