Saman kwando da ƙasansa

Binciken digirina na biyu a nan Legas ya shafi yadda 'yan Arewa masu neman na kansu a Mile 12 da Agege suke neman magani idan ciwo ya kama su. Na ɗauko lissafin Yamane na 1967, wanda ɗalibai da yawa a ƙasar nan suke dogara da shi wajen sanin yawan mutanen da za su tambaya a bincike. Idan jama'a na da yawa, kuma ka amince da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, mutum kusan 400 zai ba ka. Na buga takardun tambaya, na tsaya ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a, sauran na ba shugabannin kasuwa su raba wa mutanensu. Mako uku na gama, hankalina kwance.

Wani dattijo mai tumatir ne ya farkar da ni. "Ɗana, su wa ka tambaya?" Na lissafa masa. Sai ya jawo kwando, ya cusa hannu har gwiwa, ya zaro wani da ya fashe, ruwansa na bin yatsunsa. Ya ce, "Wanda ya san kasuwa ba ya yin ciniki da na sama. Kai na sama ka ɗiba." Na ce, "Baba, kun yi gaskiya."

Da na koma kan takardun, masu rumfa ne kusan duka, maza, waɗanda suka daɗe a gari. Babu 'yan dako masu sauke mota tun asuba su kwana kan benci. Babu 'yan ci-rani da ke komawa gida da faɗuwar damina. Mata kuwa ba su cika yatsun hannu ba. Alhali su ne suka fi nisa da asibiti, su ne dalilin binciken.

Yawa ba ya gyara wannan. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsa sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya ci jiha 46 cikin 48. Sunayen daga littafin tarho da rajistar motoci ta kwaso su, a lokacin da talaka ba ya da ko ɗaya, kuma akasarin waɗanda ta aika wa ba su amsa ba. Shi kansa lissafin Yamane sharaɗinsa kowa ya samu dama daidai ta a zaɓe shi. Yana min ciwo in ga an rubuta "zaɓen ƙuri'a" a kundi, wato wai an ba kowa dama daidai, alhali duk wanda aka ci karo da shi aka miƙa wa takarda, domin wata rana da irin wannan sakamakon za a yanke shawara kan lafiyar mutane.

Gyaran ya ba ni wuya, don babu jerin sunayen da zan zaɓa daga ciki. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe a 2006 aka yi, ita ma gwamnatin Legas ta ƙi yarda da miliyan 9 da aka ba ta. Dole na bi layi-layi ina ƙirga rumfuna, na kasa mutane bisa sana'a da jinsi, na nannaɗe lambobi a 'yan takardu na yi ƙuri'a a kowane rukuni. Na samu wata 'yar'uwa ta shiga gidaje wurin mata. 'Yan dako kuwa sai dai wani ya kai ni wurin wani, na kuma rubuta ƙarara cewa amsarsu ba ta wakiltar duk 'yan dakon Legas.

Na kuma buɗe littafi na waɗanda suka ƙi magana. Da yawansu tsofaffin 'yan acaba ne da aka ƙwace wa babur bayan haramcin acaba a wasu sassan Legas a 2022, suna ganin biro a hannuna sai su ɗauka gwamnati ce ta turo ni. Ɗaya sai da na zo masa sau huɗu, muka sha shayi tare, sannan ya nuna min ƙafarsa da ta kumbura, ɗaure da tsumma.