Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gumi Ba Ya Kisa

Makon jiya na yi alƙawarin shiga zancen aurena na biyu. Ku yi haƙuri, sai na sauke maganar Baffa tukuna, don ita ke hana ni barci.

"Gumi ba ya kisa." Maganarsa ke nan tun muna yara. Ka ce rana ta ƙwalle, ya dube ka sheƙeƙe ya ce gumi ba ya kisa, ɗauki cebur. Da ita ya raine mu, ni ma da ita na tashi nawa yaran, Allah Ya yafe mini.

A Afrilun 2024 ya faɗi. Da na taɓa goshinsa babu ɗigon gumi ko ɗaya, fatar a bushe ƙamas, da zafi kamar murfin tukunya. Yana ta kiran Inna, wadda ta yi shekara tara a ƙasa. Kwana huɗu ke nan ɗakinsa bai huce ba ko da asuba: kwano ya sha rana, bango ya riƙe, dare ya yi sai su juye masa. Likitar ta ce zafin jikinsa ya haura digiri 40. Ta ce jikin tsoho ba ya fitar da gumi kamar na yaro, ƙishirwa ma ba ta yi masa sallama da wuri, kuma in dare bai yi sanyi ba zuciya ba ta samun hutu. Ina tsaye ina jin ta, maganar Baffa na yawo a kaina.

Har gobe Yaya yana faɗa wa dangi wai ni na bar tsoho a ɗakin. To, Yaya, wa ya sa aka toshe tagar saboda ƙura? Na bari dai, don albarkacin zumunci.

Wata biyu bayan rasuwar Baffa muka ji zafi ya kai digiri 51 a Makka, alhazai fiye da 1,300 suka rasu. Shekarar ta ƙare aka ce ba a taɓa auna mai zafinta ba, duniya ta ƙaru da kusan digiri 1.5 a kan yadda take kafin zamanin masana'antu, saboda hayaƙin fetur da kwal da gas da ke tare zafi a sama. 'Yata ce ta karanta mini cewa irin zafin da a da sai a shekara 50 ake ganinsa sau ɗaya, yanzu yana zuwa kusan sau biyar. Baffa bai yi ƙarya ba, ranar da ya sani ce aka canza masa.

Shekaranjiya na ji babban ɗana yana ce wa ƙaninsa gumi ba ya kisa. Na daka masa tsawar da ya tsorata, na kasa gaya masa dalili.

Zancen auren sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.